Gargaɗi Ga Matasa Da Iyaye: Aikin Intanet Na Gaskiya Ba Ya Neman Fasfonka

Jama'a, wannan magana ta gaggawa ce, wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba. Idan kana da ɗa ko 'ya, ƙane ko ƙanwa, da aka yi wa tayin "aikin kwamfuta" a Tailan ko Kambodiya ko Lawos, aka ce albashi da dala ne, tikitin jirgi da masauki da abinci duk kamfani ya ɗauke, to kada a bari ya sa ƙafa a filin jirgi. Dubban matasa daga Afirka da Asiya sun amsa irin wannan kira, sai suka tsinci kansu a bayan doguwar katanga da masu gadi riƙe da bindigogi. An ƙwace musu fasfo, ana tilasta musu damfarar bayin Allah dare da rana, ranar da ba su kawo kuɗi ba kuwa jikinsu ya gaya musu. Wasu sun dawo da tabo, wasu har yau suna can, wasu kuma can suka bar duniya.

A watan Agustan 2023, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoton da ya nuna cewa aƙalla mutum 120,000 a Miyanma, da kimanin 100,000 a Kambodiya, na iya kasancewa a tsare a wuraren da ake tilasta musu damfara ta intanet. A 2025 kuma rundunar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, ta ce an yi safarar mutane daga ƙasashe 66 zuwa irin waɗannan sansanoni, ta kuma ja kunne cewa Afirka ta Yamma na iya zama sabuwar cibiyar wannan mugunyar sana'a. Afirka ta Yamma kuwa mu ke nan.

Yadda aiki ya fara tafiya ta waya

Ba za a gane tarkon ba sai an gane gaskiyar da aka lulluɓe shi da ita, domin maƙaryacin nan da gaskiya yake fara zancensa. Gaskiyar ita ce, yau mutum na iya zama a Kano ko Maraɗi ya yi wa kamfanin da ke Landan aiki, a biya shi, ba tare da sun taɓa haɗa ido ba.

Kafin 2001, layukan tarho a Najeriya gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Mai son gaisawa da ɗan'uwansa a Jidda ko Kumasi sai ya bi layi a ofishin NITEL, ko ya ba matafiyi wasiƙa, ko ya naɗi muryarsa a kaset ya aika. A 2001 wayar salula ta shigo. A 2010 igiyoyin sadarwa na ƙarƙashin teku guda biyu, MainOne da Glo-1, suka haɗa Legas da Turai. A 2022 igiyar Equiano ta kamfanin Google ta sauka a Legas, daga baya 2Africa, wadda kamfanin Meta ke cikin masu ita, mai tsawon kimanin kilomita 45,000, ita ma ta iso gaɓar Najeriya. Ta cikin irin waɗannan igiyoyi mafi yawan saƙonnin da ke tsallaka nahiyoyi suke bi. Ranar 14 ga Maris 2024, da guda huɗu daga cikinsu suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na yankinmu, manhajojin bankuna suka tsaya, ɗan kasuwar da ke jiran shigowar kuɗi a wayarsa ya wuni yana jira. Ranar ce da yawa suka fahimci cewa cinikinsu yana rataye da abin da ke kwance a ƙasan teku.

Tun kafin mu samu wannan, wasu ƙasashe sun riga sun ci moriyarsa. A ƙarshen shekarun 1990 manyan kamfanonin Amurka da Ingila suka lura cewa aikin ofis, kamar amsa kiran abokan ciniki, shigar da bayanai, lissafin albashi da rubuta manhaja, ba dole ne a yi shi a Niyok ba. Kamfanin General Electric ya buɗe irin wannan ofis a Indiya, birnin Bangalore ya cika da kamfanoni irin su Infosys da Wipro. Daga baya Filifin ta sha gaban Indiya a fannin amsa kira, har yau mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi ke ci daga wannan fanni a can. Abin ya yi kama da yadda dillalin huluna yake raba zane da zare ga mata a gidajensu: ba ya gina musu masana'anta, ba ya ɗebo su daga garuruwansu, kai musu aikin yake yi, in sun gama ya karɓa ya biya.

Aikin ya iso Afirka. A Nairobi an ɗauki matasa daga ƙasashe daban-daban, har da masu jin Hausa, suna tace abin da ake wallafawa a Facebook. A Legas an kafa Andela a 2014 don haɗa masu rubuta manhaja da kamfanonin waje. A Abuja da Kaduna, kamfanin Outsource Global da Amal Hassan ta kafa yana ɗaukar matasa suna yi wa kamfanonin ƙetare aiki daga gida Najeriya. Saboda haka matashin da ya ce yana son aikin intanet ba mafarki yake yi ba, kuma ba laifi ya nema ba.

Ma'aunin da za a riƙe

A nan ne nake roƙon kowa ya buɗe kunne. Dalilin da ya sa kamfani yake miƙa aikinsa wata ƙasa shi ne ya rage kashe kuɗi. Aikin ne ke tafiya ta waya, ma'aikaci yana zaune a ƙasarsu. Hikimar abin ke nan gaba ɗaya. Duk wanda ya ce maka aikin na intanet ne, amma sai ka hau jirgi ka je wata ƙasar da ba ka san kowa ba kafin ka yi shi, to ya warware zancensa da bakinsa.

A duba maganar kuɗi ma. A watan Janairun 2023 mujallar Time ta bayyana cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Kenya, waɗanda suka tantance rubuce-rubuce masu tayar da hankali domin kamfanin OpenAI, abin da ke shiga aljihunsu bai wuce dala 2 a awa ba. Wannan fa kamfani ne mai rajista, yana yi wa ɗaya daga cikin fitattun kamfanonin fasaha na duniya aiki. To wane ne wannan mai alherin da zai biya matashin da bai taɓa aiki ba dala dubu ko fiye a wata, ya saya masa tikiti, ya ba shi ɗaki da abinci, don kawai ya iya Turanci kuma hannunsa na da sauri a kan kwamfuta? Filifin da Indiya cike suke da masu wannan ƙwarewa, kuma sun fi mu kusa da Tailan nesa ba kusa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya kashe maka kuɗin jirgi tun daga Afirka ya riga ya lissafa yadda zai fanshe a jikinka.

Yadda ake ɗana tarkon

Tallar takan zo ne ta Facebook, Telegram, WhatsApp ko TikTok, wani lokaci ma ta shafukan neman aiki da aka sani. Sunan aikin mai daɗin ji: jami'in kula da abokan ciniki, mai shigar da bayanai, mai fassara, mai tallata kaya ta intanet. Za a yi maka ganawa ta bidiyo, a gwada saurin rubutunka, a saurari Turancinka. Bayan kwana biyu a turo takardar ɗaukar aiki mai tambari da sa hannu. Duk wannan ba ya tabbatar da komai, domin a zamanin nan tambari da shafin kamfani aikin awa guda ne.

Abin da ya fi ciwo shi ne sau da yawa ba baƙo ne ke kawo tayin ba. Abokin karatu ne, ko ɗan unguwa, ko ɗan'uwa da ya riga ya tafi, yana turo hotuna cikin kyawawan kaya yana cewa "ka zo, akwai wuri". Waɗanda suka kuɓuta sun sha bayyana cewa ana yi wa wanda ke tsare alkawarin sassauci ko saki idan ya jawo wasu. Saƙon da ka gani da sunan abokinka mai yiwuwa an rubuta shi ne da mai gadi tsaye a kansa.

Sai tafiya. Ana ba da bizar yawon buɗe ido, a ce ta aiki sai an isa. A koya maka abin da za ka faɗa wa jami'an shige da fice. Ka sauka a Bankok, mota ta ɗauke ka, a ce masauki za a kai ka. Maimakon minti talatin sai tafiya ta miƙe, awa bakwai, awa takwas, ana sauya mota a hanya, har a kai garin Mae Sot da ke kan iyaka, kimanin kilomita 500 daga Bankok. A can akwai wani ɗan siririn kogi mai suna Moei. Da an tsallaka da kai a kwalekwale, ka bar Tailan, ka shiga yankin Myawaddy na Miyanma ba tare da hatimin shiga ba, yankin da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai ke iko da shi. Nan ne aka gina sansanonin damfara na KK Park da Shwe Kokko. A Kambodiya akwai irinsu a Sihanoukville da wasu garuruwan kan iyaka, kuma a watan Yunin 2025 ƙungiyar Amnesty International ta ce ta gano guda 53 a wannan ƙasa kaɗai. A Lawos akwai irinsu a yankin kasuwanci na musamman da ke lardin Bokeo.

Da yawa daga cikin waɗannan wurare asalinsu gidajen caca ne da otal-otal da aka gina domin baƙi daga China. Da Kambodiya ta hana cacar intanet a 2019, annobar korona ta rufe iyakoki a 2020, sojoji kuma suka yi juyin mulki a Miyanma a Fabrairun 2021, sai gungun masu laifi suka mayar da gine-ginen masana'antar damfara. Da farko 'yan China suka fi yaudara. Da gwamnatin China ta matsa, aka kwashe dubban 'yan ƙasarta zuwa gida, su kuma suka faɗaɗa farautarsu zuwa Amurka da Turai, sai suka buƙaci masu jin Turanci. Abin da ya juyo da idonsu kan matasan Afirka ke nan. Mai jin Faransanci ko Larabci a Nijar, Chadi, Kamaru ko Sudan kada ya ce bai shafe shi ba, domin wanda ke farautar duniya kowane harshe yana da amfani a wurinsa.

Abin da ke bayan katanga

Ranar farko ake karɓe fasfo da waya. Sai a gaya maka ana bin ka bashin tikiti da biza da abinci, dala dubbai, ba fita sai ka biya. A ba ka wayoyi da dama da hotunan wata kyakkyawar mace ko wani attajiri, a ce daga yau kai ne wannan. Aikinka ka nemi mutane a intanet, tsoho mai kaɗaici, bazawara, ma'aikacin da ya yi ritaya da ɗan abin da ya tara. Ka yi makonni kana gaishe shi safe da yamma har ya saki jiki da kai, sannan ka nuna masa wata manhajar zuba jari ta kirifto wadda su ne suka ƙirƙira. Ya zuba kaɗan ya ga riba, ya zuba da yawa, ya ci bashi ya ƙara, ranar da ya nemi cirewa sai a rufe.

Ana aiki awa goma sha biyu zuwa sha shida a rana, galibi cikin dare, domin lokacin ne rana take a Amurka. Akwai adadin kuɗin da aka yanka wa kowa. Wanda bai cika ba, waɗanda suka fito sun ba da labarin duka, da jona wutar lantarki a jiki, da hana abinci, da kullewa a ɗaki mai duhu. Wanda suka ga ba ya kawo riba sai su sayar da shi ga wani sansani, bashinsa ya ƙaru. Mata suna fuskantar cin zarafi ƙari a kan wannan. Wani lokaci a kira iyaye a gida a ce su turo kuɗin fansa. Da dai wayar da uwa ta yi murna da ita ranar da ɗanta ya ce ya samu aiki, da ita za a jiyar da ita kukansa.

Kuɗin da ke yawo a wannan harka ya wuce tunani. A watan Oktoban 2025 hukumomin Amurka suka tuhumi Chen Zhi, shugaban kamfanin Prince Group na Kambodiya, da gudanar da irin waɗannan sansanoni, suka kuma riƙe kuɗin Bitcoin da darajarsu ta kai kimanin dala biliyan 15. Masu irin wannan dukiya suna iya sayen masu gadi, da jami'ai, da shirun hukuma.

Kada kuma a ɗauka ceto abu ne mai sauƙi. A Janairun 2025 aka yaudari wani ɗan wasan fim na China mai suna Wang Xing da sunan aikin fim a Tailan, aka tsallaka da shi Miyanma. An kuɓutar da shi cikin 'yan kwanaki ne saboda labarinsa ya karaɗe China, ƙasar da Tailan ke jin maganarta. Bayan haka, ranar 5 ga Fabrairu, Tailan ta yanke wutar lantarki da man fetur da intanet ga wasu yankunan kan iyakar. A cikin watan aka miƙa mutum kusan 260 ga Tailan a rana guda, fiye da rabinsu 'yan Habasha, akwai 'yan Kenya da Yuganda, har da Najeriya da Gana. Wasu kimanin 7,000 da aka fitar daga sansanonin sun yi makonni, wasu watanni, a cunkushe a kan iyaka, cikin ƙarancin abinci da magani, suna jiran ƙasashensu su biya kuɗin jirgi. Su kuwa masu sansanonin suka koma amfani da janareto da intanet na tauraron ɗan Adam, har a Oktoban 2025 kamfanin SpaceX ya ce ya kashe na'urorin Starlink fiye da 2,500 a Miyanma. Ana rufe wani sansani, ana buɗe wani.

Abin ya iso gida

Wanda ya ce shi ba shi da fasfo, don haka ya tsira, to ya sake tunani. Ranar 10 ga Disamban 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani bene mai hawa bakwai a unguwar Victoria Island ta Legas, ta kama mutum 792, ciki har da 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. Mafi yawan sauran matasan Najeriya ne da aka ɗauka aiki, aka ba su kwamfuta da lambobin wayar ƙasashen waje, aka koya musu yaudarar Turawa da soyayyar ƙarya da jarin bogi. A Janairun 2025 aka kama wasu 105 a unguwar Gudu ta Abuja, huɗu daga ciki 'yan China. A Zambiya ma, a 2024, an kama mutum 77 a wani kamfani a Lusaka wanda ya ɗauki matasa da sunan aikin amsa kira, kotu ta ɗaure 'yan China fiye da 20.

Ga kuma ƙananan tarkuna da ke shigowa waya kullum. Saƙo ya zo cewa za a biya ka idan ka danna alamar so a bidiyo, ko ka yaba wa wani otal. A biya ka dubu biyu ko uku na farko don ka yarda, daga nan a ce sai ka zuba naka kafin a buɗe maka babban aiki. Wani kuma ya ce ka ba shi aron asusun bankinka, ko ka sayar masa da lambar NIN da BVN, "kuɗin kamfani ne za su wuce, a ba ka kasonka". Kuɗin sata ne ke wucewa, kuma ranar da aka biyo sawu, sunanka ne a kan asusun. Baƙon da ya kafa harkar yana iya tserewa ko a mayar da shi ƙasarsu. Kai ne za ka tsaya gaban alƙali, sunan gidanku ne zai ɓaci.

Alamomin da ya kamata kowa ya haddace

1. Ba ka nemi aikin ba, shi ya neme ka, ko kuma an ɗauke ka cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da duba takardunka ba.
2. Albashin ya fi ƙarfin aikin, kuma ba a buƙatar ƙwarewa sai Turanci da saurin rubutu.
3. An ce aikin intanet ne, amma dole sai ka yi tafiya.
4. Bizar yawon buɗe ido aka ba ka, aka kuma koya maka ƙaryar da za ka yi a filin jirgi.
5. Ba a faɗi cikakken adireshin wurin aiki ba, ko kuma duk maganar a Telegram da WhatsApp take ƙarewa.
6. Ana gaggauta ka: "gurbi biyu ya rage", "jirgi jibi ne".
7. An ce kada ka gaya wa kowa sai ka isa, wai saboda baki ko hassada.
8. An nemi kuɗin fom, kuɗin rajista ko kuɗin horo, ko an nemi asusunka, NIN ko BVN tun kafin a yi yarjejeniya.

Alama ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a dakata. Idan biyu ko uku suka haɗu, a rufe zancen, a kai rahoto.

Nauyin da ke kan kowa

Ƙannena matasa, na san zafin zama da kwali a ƙarƙashin katifa bayan an gama bautar ƙasa, ga ƙanne na kallonka, ga iyaye sun tsufa. Wannan zafin shi ne jarin masu safarar nan. Kada ku yanke shawarar tafiya ku kaɗai. Ku nemi sunan kamfanin a rajistar ƙasar da aka ce yana can. Ku tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar ku tambaya ko bizar da aka ba ku ta halatta aiki. Ejan da ke ɗaukar ma'aikata zuwa waje daga Najeriya dole ne ya mallaki lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ku ce ya nuna, ku kuma je ku tabbatar. Ɗan Nijar, Gana ko Kamaru shi ma ya bi ta ma'aikatar ƙwadagon ƙasarsa. Idan aikin intanet kuke so, ku koyi sana'ar da gaske, rubuta manhaja, zane, lissafi, fassara, ku yi shi daga inda kuke. Shi ma ku shige shi da ido buɗe, domin ba shi da tabbas: a Maris 2024 dandalin Remotasks ya rufe ƙofarsa ga ma'aikata a Kenya da Najeriya ba zato ba tsammani. Amma wanda aka rufe wa shafi yana kwana a ɗakinsa, fasfonsa na hannunsa.

Iyaye, Allah ya ƙara muku haƙuri, amma ku yi tambaya kafin ku sa albarka. Mu mutane ne da suka saba da fatauci da cin rani, sai dai kakanninmu ba sa sakin yaro sai sun san madugun ayari da mai masaukin da zai sauka a wurinsa. Ku tambaya: wa ya kawo aikin, ɗan gidan wa ne, wane gari za a je, wane titi, wa muka sani a can? Kada a sayar da gona ko shanu ko kayan ɗaki a ba ejan da ba a san ofishinsa ba. Kuma a rage gori. Yaron da ake kwatanta shi kullum da ɗan maƙwabta da ya "fita waje" shi ne wanda zai tafi a ɓoye.

Malamai da limamai, ku sa wannan a huɗuba da wa'azi, a masallaci da coci da makarantun Islamiyya. Ku faɗa wa matasa cewa dukiyar da aka karɓa da yaudara haram ce ko ta wane ne, Bature ko baƙar fata, na kusa ko na nesa. Masu unguwanni da dagatai, ku san masu yawo suna tattara fasfon yara a yankunanku. Gidajen rediyo, ku maimaita wannan gargaɗi da harshen da mutanen karkara ke ji. Hukumomi kuma, NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane da hukumar shige da fice da Ma'aikatar Harkokin Waje a Najeriya, da hukumar yaƙi da safarar mutane ta Nijar, su sa ido a filayen jirgi, su hukunta ejan na cikin gida, su tanadi kuɗin dawo da waɗanda aka ceto. Kamfanonin da ake tallata waɗannan ayyuka a shafukansu, suna karɓar kuɗin talla, su ma a tuhume su.

Idan an riga an faɗa

Wanda ya sauka a Bankok ya ga alamar ba daidai ba, kada ya shiga motar. Ya tsaya cikin filin jirgi inda jama'a suke, ya nemi 'yan sanda, ya kira ofishin jakadancin ƙasarsa. Asarar tikiti ta fi asarar rai sauƙi. Wanda ya riga ya shiga mota ya ga an bar gari, ya tura wa 'yan'uwansa alamar wurin da yake ta waya tun kafin a karɓe ta, ya nemi taimako a shingen jami'an tsaro na farko da aka tsaya.

Iyalin da ɗansu ya yi shiru, ko maganarsa ta sauya, ko ya fara neman kuɗi masu yawa ba bayani, kada su ɓoye don kunya. Su adana saƙonni, da lambobin waya, da hoton fasfo da tikiti, da sunan ejan, su kai wa NAPTIP, wadda ke da ofisoshi a Kano, Sakkwato da Maiduguri, ko 'yan sanda, ko Ma'aikatar Harkokin Waje. Kada a yi gaggawar tura kuɗin fansa ba tare da shawarar hukuma ba, domin an sha biya ba a saki mutum ba, kuma akwai wasu 'yan damfarar da ke fakewa da sunan masu ceto. Wanda Allah ya kuɓutar ya dawo, a karɓe shi hannu biyu, a kai shi asibiti, kada a kira shi ɓarawo. An zalunce shi ne, kuma bakinsa ne zai hana wasu goma tafiya.

Fasahar sadarwa ni'ima ce, ba mai cewa a jefar da waya. Ta sada zumunci tsakanin Zango a Kumasi da Zinder, ta kawo ilimi da ciniki, ta kuma buɗe wa matasanmu ƙofar aiki da duniya. Amma hanyar da ta kawo mai neman ma'aikaci ita ta kawo mai neman bawa, kuma kayansu iri ɗaya ne a fuskar waya. Don haka kada a kwana da wannan magana. Yau ɗin nan, kowane magidanci ya tara yaran gidansa ya tambaye su ko akwai wanda aka yi wa irin wannan tayi. Kowane matashi ya tura wa abokansa. Wanda ya san wani da ke shirin tafiya a makon nan, ya je ya same shi ido da ido kafin ya tashi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kare mana zuri'a, ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, ya ba matasanmu abin yi na halal.